Fitilar Masu Harbi

A gidan adana zane-zane na Prado da ke Madrid akwai wani zane da Francisco Goya ya yi a 1814, santimita 268 a tsaye, 347 a kwance. Kwanan wata kawai aka sa masa a matsayin suna: Uku ga Mayu, 1808. Mutanen da ke cikinsa sun kusa girman mutum na gaske, shi ya sa wanda ya tsaya gabansa yake jin kamar da shi ake. Dare ne. Daga dama sojoji sun kafa sahu, sun ba mu baya, sun saita bindigogi. Daga hagu mutane ne cunkushe a gindin wani tudu, wasu sun riga sun faɗi cikin jini, wasu yanzu za a harbe su, wasu kuma suna hawowa a layi. A tsakiyar waɗanda za a harba akwai wani mai duhun fata da farar riga da wando rawaya, a durƙushe, ya ware hannuwansa sama. A ƙasa, tsakanin ɓangarorin biyu, an ajiye wata ƙatuwar fitila mai kusurwa huɗu.

Idon kowa kan mai farar riga yake fara sauka, kuma haka Goya ya so. Ni dai fitilar nan ce ta fi tsaya mini a rai, kuma a ganina duk mai son gane abin da zanen ke faɗa game da iko, wajenta ya kamata ya nufa. Sai dai kafin nan, ga yadda aka zo gindin tudun.

A ƙarshen 1807 sojojin Nafoliyon suka shiga Sifaniya da yardar gwamnatin ƙasar, da sunan za su ratsa zuwa Fotugal. Da suka shiga sai suka yi zamansu, suna karɓe manyan garuruwa irin su Pamplona da Basalona. Gidan sarauta a lokacin ya dagule: Sarki Carlos na Huɗu da ɗansa Fernando ba sa ga-maciji, jama'a kuma sun tsani wazirin sarki, Godoy. A watan Maris na 1808 aka yi bore a Aranjuez, waziri ya faɗi, uba ya sauka, ɗa ya hau. Nafoliyon ya kira su duka biyun zuwa Bayonne, a cikin Faransa, ya bar Madrid a hannun Murat, mijin ƙanwarsa kuma gwarzon mahayansa. Da safiyar 2 ga Mayu labari ya bazu cewa za a fita da autan Sarki Carlos, Francisco de Paula, shi ma a kai shi Bayonne. Mutane suka taru a ƙofar fada don su hana. Sojojin Faransa suka buɗe wuta, gari ya rincaɓe, talakawa suka fito da wuƙaƙe da sanduna da duwatsu da duk abin da hannu ya kai gare shi. Kafin rana ta faɗi an murƙushe su.

Abin da ya biyo baya da alƙalami aka fara shi. Murat ya fitar da sanarwa cewa an zubar da jinin Faransawa kuma sai an rama. Duk wanda aka kama da makami za a harbe shi. Taron da ya wuce mutum takwas bore ne, da harsashi za a watsa shi. Ƙauyen da aka kashe Bafaranshe a cikinsa za a ƙone shi. A daren nan kalmar makami ta buɗe baki ta haɗiye kayan sana'a, har wuƙar aljihu da almakashi suka isa su kai mutum kabari. Mutanen Madrid suna ba da labarin wata yarinya mai ɗinki, Manuela Malasaña, cewa almakashinta aka gani a jikinta, kuma yau akwai unguwa guda da ke amsa sunanta. An yi harbe-harben a wurare da dama cikin birnin. Wanda Goya ya zana shi ne na tudun Príncipe Pío, inda aka kashe mutum sama da 40 kafin gari ya waye.

Su kuwa manyan ƙasar, me suka kira abin? Sojojin Sifaniya da ke Madrid umurni aka ba su su zauna a bariki, suka zauna, in ban da 'yan kaɗan da suka bi hafsoshin igwa biyu, Daoíz da Velarde, waɗanda suka mutu a ranar. Ranar 6 ga Mayu majalisar ƙoli ta kotun binciken aƙida, wadda ta daɗe tana tsare addinin ƙasa da horo mai tsanani, ta yi tir da abin da ya faru, ta ce tarzoma ce ta 'yan ƙasa-ƙasa. A cikin kwanakin nan dai, can a Bayonne, uba da ɗa suka saki sarautar da aka mutu dominta, ta faɗa hannun Nafoliyon, shi kuma ya naɗa ɗan'uwansa Joseph. Bayan shekara shida, da aka kori Faransawa, tarzomar 'yan ƙasa-ƙasa ta koma jarumta, waɗanda aka harba suka koma shahidai. Gawarwakin ba su motsa daga inda aka binne su ba. Masu hatimi ne suka sake shawara kan sunan da ya dace da su.

A wannan lokaci na sake suna, a watan Fabrairu na 1814, Goya ya rubuta wa majalisar riƙon ƙwarya yana neman tallafi don ya dawwamar da jarumtar boren da buroshinsa. Aka ba shi kuɗi. Gwamnati biki ta saya. Abin da ta samu shi ne wannan dare.

Mu koma ga fitilar. Wa ya kawo ta? Waɗanda aka tasa ƙeyarsu zuwa tudun ba su zo da komai ba. Sojojin ne suka zo da ita, wani daga cikinsu ya ɗauko ta tun daga bariki, ya zaɓi wuri ya ajiye ta, ya juya ta yadda haskenta zai bugi ƙirjin mutanen ya bar idon masu harbi a inuwa, kamar yadda mahauci ke gyara fitilarsa a mayanka da asuba don ya ga inda zai sa wuƙa. Kayan aiki ce. Tana nuna cewa an zauna an yi tunanin daren nan tun kafin ya zo, an lura cewa duhu zai hana saiti, an yi tanadi. Wannan shi ne abu na farko da zanen ke faɗa game da iko: tashin hankalin talaka da fushi yake zuwa, na mai mulki kuwa da shiri yake zuwa, da jadawali da kayan aiki da wanda aka ɗora wa alhakin kunna fitila.

Ga wanda ya san zane-zanen coci na Turai, fitilar tana da wani nauyin kuma. Shekaru ɗaruruwa ana zana shahidan Kirista ana kashe su, kuma kusan kullum haske daga sama yake saukowa, sama a buɗe, mala'ika yana miƙo reshen dabino. Hasken yana gaya wa mai kallo cewa an ga wannan mutuwa, an karɓe ta, an tanadi sakamakonta. Goya ya san wannan tsari ciki da waje, don ya yi wa coci aiki da yawa. A 1798 ya zana wa babbar majami'ar Toledo kamun Annabi Isa kamar yadda Kiristoci ke ba da labarin, da dare, cikin taron masu kamu, kuma a labarin nasu da fitilu aka je kamun. To a zanen 1814 ya rufe sama ruf. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙyallen baƙi ne, babu wata, babu tauraro. Can baya ana hango gari da hasumiya, ko tagar gida ɗaya ba ta da haske. Hasken duniyar nan gaba ɗaya daga ƙasa yake tasowa, daga hannun masu kisa.

Masana da yawa sun ce fitilar ita ce wayewar da Faransa ta yi alkawarin kawowa, tunda masu ilmin Turai na ƙarnin da ya gabata da sunan haske suke kiran zamaninsu. Akwai gaskiya a ciki. Abokan Goya da dama, irin su marubuci Moratín, sun bi Joseph don sun yi imani cewa mulkinsa zai kawo doka da ilmi, kuma a Disamba 1808 Nafoliyon ya soke kotun binciken aƙida da suka daɗe suna ƙi. Goya ya ga wannan fata da idonsa, ya ga kuma abin da ta zama a bakin bindiga. Amma ba na son a yi saurin mayar da fitilar wani babban zance har a manta cewa fitila ce, mai kitse ko mai a ciki, wadda kurtu ya riƙo. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda Goya ya ƙwace ta daga hannun masu ita. Sun kunna ta don su ga inda za su harba, shi kuma da ita ya nuna wa duniya fuskokin da aka so a shafe kafin asuba. Mai iko ba ya iya kisa sai ya haska wanda zai kashe, kuma duk abin da aka haska, wani na iya gani.

Sojojin ba mu ga fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. Kawunansu a sunkuye kan bindiga, dogayen huluna iri ɗaya, jakunkunan goyo iri ɗaya, takubba a rataye, ƙafafu a buɗe an dafe ƙasa da su iri ɗaya. Bindigogin da banatinsu sun jeru har sun zama layi guda. Ana yawan cewa Goya ya mayar da su inji, ya cire musu mutuntaka. Ni ina ganin abin da soja ya riga ya yi musu ne ya nuna. Horon da ke sa mutum takwas su ja kunama a lokaci ɗaya an ƙirƙire shi ne don kada ɗayansu ya san harsashin wa ya yi kisan, don kowa ya kwana da cewa shi umurni ya bi. Ga kuma kusancin: bakin bindigogin ya kusa taɓa mutanen. A irin wannan tazara ba a buƙatar saiti, amma sun sa ido a kan ƙarfe, domin wanda ke kallon ƙarfe ya huta da kallon ido.

Kuma babu hafsa. A duba zanen daga gefe zuwa gefe, ba za a ga mai ɗaga takobi yana ba da umurni ba. Murat ba ya nan, Nafoliyon ba ya nan, sarakunan da ke ciniki a Bayonne ba sa nan, manyan Madrid da suka kulle ƙofofinsu ba sa nan. Duk wanda ke cikin zanen ƙarami ne, da mai harbi da wanda ake harbi. Yawancin sojojin da aka fara turowa Sifaniya sababbin ɗauka ne, samarin da doka ta tilasta wa shiga soja. Iko ya aiko da hannuwansa kawai, ya yi kwanciyarsa. A zane-zanen yaƙi na zamanin, irin waɗanda Gros ya yi wa Nafoliyon, shugaba ne a tsakiya, matattu kuwa a gefe suke don su ƙara masa kwarjini. Goya ya cire shugaban ɗungurungum, ya ba wani lebura tsakiyar fage.

Shi wannan mai farar riga, in aka matsa kusa da ƙyallen aka dubi tafin hannunsa na dama, za a ga wani ɗan rami a tsakiya, kamar gurbin ƙusa. Kowane ɗan Sifaniya na lokacin zai gane ishara ce ga gicciye a aƙidar Kirista, ga kuma hannuwan a ware. Goya ya ɗauki alama mafi tsarki da jama'arsa suka sani ya ɗora a kan mutumin da ba a san sunansa ba, mai gashi a hargitse, mai hannuwan aikin ƙarfi. A durƙushe yake, amma da zai miƙe da ya fi kowa a wurin tsawo nesa ba kusa ba. An ƙara masa girma da gangan. Rigarsa kuma ta fi fitilar kanta haske.

Duk da haka ban yarda cewa zanen ta'aziyya yake yi mana ba. A dubi fuskarsa. Idanun a zazzare, girar a ɗage, ba natsuwar waliyyi a ciki. Ana iya cewa roƙo yake, ana iya cewa ƙalubale ne, ana iya cewa tambaya ce da babu mai amsa ta, kuma Goya bai raba gardamar ba. Sannan a dubi gabansa, a ƙasa. Ga wani a kife cikin jini, hannuwansa a ware daidai yadda na mai farar riga suke, kansa a fashe, fentin a dame har fuskar ta kusa daina zama fuska. Wannan shi ne mai farar riga bayan daƙiƙa guda. Daga ɗaya gefen kuma ga wanda zai maye gurbinsa, ya rufe fuska da tafuka biyu, a bayansa wani yana cizon yatsunsa, a bayansu layi ya miƙe har cikin duhu. Malamin coci da ke cikinsu, da askin tsakar ka irin na 'yan zuhudu, ya haɗe hannuwa ya sunkuya, shi ma za a harbe shi. A labarin shahidi mutuwa ɗaya ce take cika komai. A nan mutuwa layi ce, an gama da wasu, ana kan wasu, saura wasu. Alamar gicciye tana nan, amma an sanya ta a wurin da za a maimaita ta sau arba'in kafin alfijir, kuma wannan maimaici shi ne abin tsoron.

Bai kamata a kalli zanen shi kaɗai ba, don tagwaye ne. Ɗan'uwansa, Biyu ga Mayu, yana gefensa a Prado, girmansu ɗaya. A can talakawan Madrid ne ke kisa. Sun afka wa mahayan Faransa, cikinsu har da Mamaluka masu rawani da Nafoliyon ya ɗebo bayan yaƙinsa na Masar, suna jawo su daga kan dawakai suna daɓa musu wuƙa. Wani yana soke doki a gefe. Fuskokin masu boren a murtuke suke, ba kyan gani. Goya bai wanke mutanensa ba. A jerin zane-zanen bugu 82 da ya yi kan bala'in yaƙin, waɗanda ba a fitar ba sai 1863, shekara 35 bayan mutuwarsa, ya nuna Faransawa suna rataye mutane, ya kuma nuna 'yan ƙasarsa suna sassara Faransawa da gatari. Don haka bambancin da ke tsakanin zanen rana da na dare bambancin matsayi ne. Da rana kowa na iya mutuwa, mai doki da mai wuƙa. Da dare an riga an raba wa kowa wurinsa, kuma ɓangare ɗaya ne ke da ikon kiran abin da yake yi hukunci.

Goya kansa ya san yadda suna ke bin mai mulki, don a kan aikinsa aka gwada. Mai zanen fada ne tun zamanin Carlos, kurma tun rashin lafiyar da ya yi a 1793, kuma ya ci gaba da zama a Madrid ƙarƙashin Joseph, har ya karɓi lambar girma daga gare shi. A 1810 ya yi wa hukumar birnin wani zane, mace tana nuna wata babbar da'ira da mala'iku ke riƙe da ita, a ciki hoton Joseph. Da Faransawa suka fita a 1812 aka shafe hoton aka rubuta sunan kundin tsarin mulki. Joseph ya dawo, aka dawo da shi. Ya sake fita, aka sake rubuta kundin. A 1814 aka sa fuskar Fernando. Daga baya aka sake shafewa, sai a farkon shekarun 1870 aka rubuta Biyu ga Mayu, abin da ke wurin har yau. Matar tana nan da yatsanta, tana nuna duk abin da aka sa. Mutumin da ya ga an yi wa aikinsa haka, ina ganin da saninsa ya yi zanen da ba shi da da'irar da za a cusa fuskar wani, zanen da babu sarkin da zai iya shiga cikinsa ya tsaya.

Fernando, wanda aka yi yaƙin shekara shida da sunansa, ya dawo a 1814. Ranar 4 ga Mayu ya soke kundin tsarin mulkin Cádiz na 1812, ya sa aka kama masu goyon bayan kundin, ya maido da kotun binciken aƙida. Zanen Goya bai samu wani biki ba, ya shafe shekaru masu yawa a ajiye. A 1823 wata rundunar Faransa ta sake ƙetaro duwatsu, wannan karon don ta maido wa Fernando cikakken iko, kuma ba a kira ta 'yan mamaya a fada ba. El Empecinado, ɗan manomin da ya zama ɗaya daga cikin manyan jagororin yaƙin sunƙuru da Faransawa, gwamnatin sarkin ta rataye shi a 1825. Goya ya riga ya bar ƙasar a 1824, ya mutu a Bordeaux a 1828.

Murat ma gaban masu harbi ya ƙare, a Pizzo da ke kudancin Italiya, a Oktoba 1815, bayan ya rasa sarautar Naples. Ba na kawo wannan don a ce alhaki ya kama shi. Abin lura shi ne yadda aka yi masa. Da rana ne, an zaunar da kotun soja, an bar shi ya rubuta wa matarsa wasiƙa, ya ƙi a ɗaure masa ido, kuma tarihi ya adana kalmominsa na ƙarshe. Har a bakin bindiga akwai mai gata. Mutanen Príncipe Pío ba a tambaye su ko suna da abin faɗa ba, kuma abin da ya rage na maganarsu shi ne hannuwa biyu da wani kurma ya ɗaga musu bayan shekara shida.

Édouard Manet, wanda ya ziyarci Prado a 1865, ya ɗauki wannan tsari na sahu da bindigogi lokacin da ya zana harbin Maximilian, sarkin da Nafoliyon na Uku ya kafa a Meziko sannan ya janye sojojinsa ya bar shi, aka harbe shi a 1867. Manet ya yi abin da Goya ya ƙi yi, ya nuna mai alhakin da yatsa. Ya sa wa masu harbin kaki mai kama da na sojan Faransa, sannan a bayan sahun ya tsayar da wani saje yana gyara bindigarsa hankali kwance, da gemu da fuska irin na Nafoliyon na Uku. Hukuma ta gane nan take. A 1869 aka hana buga kwafinsa a takarda, aka kuma sanar da shi cewa ba za a karɓi zanen a baje-kolin Paris ba. Sai a 1879 jama'a suka fara ganinsa, a New York.